Ruwa, wuta, shara da takardu: tambayoyin da mazauna Garwa, Marwa da Ngawundare a arewacin Kamaru suka fi yi game da aikin hukuma

Yawancin koke-koken da ake yi a bakin masallaci da rumfunan kasuwa gaskiya ne, amma ba sa isa inda za a yi musu magani. Ana kai kukan ruwa wurin wanda ba shi da famfo, ana kai kukan hanya wurin wanda ba shi da kuɗin gyaranta, kuma kusan kullum da baki ake kai shi, ba a bar wata takarda a baya ba. Amsoshin nan suna nuna mai alhakin kowane aiki, abin da doka ta ba ku, da inda al'amari ya fi lalacewa.

Ofisoshin sun yi yawa. Wane ne ke da alhakin me a cikin gari?

Hukuma iri biyu ce ke aiki a gari ɗaya. Akwai waɗanda ake naɗowa daga Yawunde: gwamnan yanki, firefe, da su-firefe. Aikinsu tsaro, zaman lafiya, sa ido a kan ma'aikatun gwamnati, da wasu matakai na maganar ƙasa. Akwai kuma waɗanda kuka zaɓa, wato kansiloli da magajin garin da suka fitar daga cikinsu.

Garwa, Marwa da Ngawundare kowanne an raba shi meri uku, wato ƙananan hukumomi: ta ɗaya, ta biyu, ta uku. A samansu akwai merin birni baki ɗaya. A da shugabanta naɗaɗɗe ne, ana ce masa wakilin gwamnati. Dokar 24 ga Disamba 2019 ta soke wannan muƙami, tun bayan zaɓen Fabrairu 2020 kansiloli ne ke zaɓen magajin birni.

Ga rabon a taƙaice. Manyan titunan cikin gari, manyan magudanai, kwangilar kwashe shara, manyan kasuwanni da tashoshin mota, da izinin gini suna hannun merin birni. Takardar haihuwa da ta aure da ta mutuwa, ƙananan hanyoyin unguwa, gyaran azuzuwan firamare da ƙananan asibitoci, rijiyoyin burtsatse na jama'a, waɗannan na merin da unguwarku take ciki ne. Ruwan famfo na kamfanin Camwater ne, wuta ta kamfanin lantarki ce, wanda aka sani da Eneo, kuma magajin gari ba ya ba su umarni. Abin da zai iya shi ne ya rubuta musu da sunan jama'a, kuma wasiƙarsa ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

To lamido da lawan da jauro fa?

Dokar 1977 ta raba sarautun gargajiya mataki uku, ta mayar da su mataimakan hukuma. Suna sulhu, suna isar da saƙo, suna shaida cewa wane ɗan unguwa ne, kuma sarkin wurin yana zama a kwamitin da ke duba fili kafin a ba da takardar mallaka. Ba su da asusun gyaran kwata ko sayen taransifoma. Amma idan za ku kai koken unguwa, ku fara da gaishe da jauro ko Sarkin Hausawa ya sa hannu da hatimi. Takardar da ta fito da hatimin mai unguwa ba a cika jefa ta ƙarƙashin tebur ba.

Matata ta haihu a asibiti, an ba mu wata takarda. Ita ce takardar haihuwa?

A'a, kuma wannan kuskuren ya hana yara da yawa zana jarrabawa. Abin da asibiti ke bayarwa sanarwar haihuwa ce kawai. Takardar haihuwa ta ainihi, wadda aka rubuta acte de naissance a kanta, daga meri take fitowa ko daga ƙananan cibiyoyin rajista da ke ƙarƙashinta. Kuna da kwana 90 daga ranar haihuwa, kuma rubuta ta a cikin wannan wa'adi kyauta ne. Ku tafi da sanarwar asibiti, katin uba da na uwa, da takardar aure idan akwai. Wanda aka haifa a gida ma ana yi masa, sai dai a je da wanda zai shaida haihuwar. Abin da ya fi sauƙi shi ne a tafi meri washegarin suna, tun ana cikin hidimar.

Akwai wurin da ya fi shafar mu Musulmi. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a ƙofar gida, ba a rubuta shi a meri ba, doka ba ta san da shi ba. Saboda haka ba a sa sunan uba kai tsaye. Sai uban ya je da kansa ya amsa cewa ɗansa ne, da yardar uwar, a gaban shaidu biyu. Idan aka aiki ƙane ko maƙwabci shi kaɗai, takarda na iya fitowa babu sunan uba, abin da zai dawo ya dami yaron ranar rabon gado.

Kafin ku bar ofis ku karanta abin da aka rubuta harafi harafi. Muhammadu kaɗai ana rubuta shi ta hanyoyi da yawa a rubutun Faransanci, haka A'ishatu da Abubakar. Rubutun da ya shiga littafin meri shi zai bi yaro zuwa makaranta, zuwa katin ɗan ƙasa, zuwa fasfo. Gyaran harafi ɗaya daga baya sai an bi ta kotu.

Idan kwana 90 suka wuce, akwai ɗan lokaci da mai gabatar da ƙara na gwamnati zai iya ba da umarnin a rubuta. Bayan wannan sai hukuncin kotu, jugement supplétif. Ana haɗa takardar roƙo, takardar likita mai ƙiyasta shekarun yaro, takardar merin wurin haihuwa mai cewa ba a taɓa rubuta shi ba, da shaidu. Yana cin kuɗi da lokaci. Wani lokaci alƙalai na fita zaman kotu a unguwanni da ƙauyuka domin irin waɗannan yara, musamman 'yan aji shida da za su zana jarrabawar CEP, ta gama firamare. Ku riƙa tambayar shugaban makaranta tun yaro yana aji huɗu.

Kada ku sayi takarda a hannun ɗan tsakani. Takardar da ba ta da tushe a littafin meri tana iya wucewa a makaranta, amma ranar yin katin ɗan ƙasa asirinta zai tonu.

Me ake buƙata domin katin ɗan ƙasa?

Wajibi ne ga wanda ya kai shekara 18. Manyan takardun biyu ne: kwafin takardar haihuwa da aka tabbatar, da takardar shaidar ɗan ƙasa wadda kotu ke bayarwa. Matar aure da ke son sunan miji ya fito sai ta haɗa da takardar aure. Tun 2025 ana fara rajista ta intanet, a biya sefa 10,000, a zaɓi rana, sannan a je a ɗauki hoto da zanen yatsu. Ku cika bayanan daidai da yadda suke a takardar haihuwa, ko da mai shagon intanet ne ke cika muku, ku tsaya a kansa.

Matsalar da ta fi yawa ita ce ta wanda ya taɓa yin kati da wata ranar haihuwa ko wani suna, ya dawo da sabuwa. Zanen yatsu ba ya canzawa, na'ura za ta nuna mutum ɗaya da sunaye biyu, sai kati ya maƙale. Mazauna kan iyaka, kamar Kuseri da garuruwan da ke fuskantar Najeriya, ana yawan neman su kawo ƙarin shaida, don haka ku adana katin iyaye da takardun haihuwarsu ko bayan sun rasu.

Me ya sa ruwan famfo ke yankewa, idan ya dawo kuma ya zo da datti?

Garuruwan sun girma sun bar bututun a baya. Ruwan da ake turowa bai kai abin da ake sha ba, sai a riƙa juya shi unguwa unguwa, kuma gidajen da ke kan tudu ko a ƙarshen layi su ne na ƙarshe a samu. Injinan da ke jan ruwa da wuta suke aiki, shi ya sa yankewar wuta ta yini guda kan zama yankewar ruwa ta kwana biyu. Masu sa injin tsotso kai tsaye a kan bututun gwamnati suna ƙara abin, domin ruwan maƙwabta suke janyewa.

Dattin kuwa ga yadda yake shiga. Bututu mai cike da ruwa yana tura ruwa waje ta duk inda ya tsage. Idan ya bushe sai abin ya juya, ya riƙa tsotsar ruwan kwata da na ƙasa ta wannan tsagin. Ruwan farko da ya zo bayan yankewa shi ke ɗauke da wannan ƙazanta. Ku bar shi ya zuba har ya washe, ku yi wanki ko ban ruwa da shi. Na sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa bisa adadin da ke jikin fakiti a jira minti 30. Da damina wannan ba wasa ba ne. Waɗanda suka ga kwalarar 2010 a Arewa Mai Nisa sun sani. Rijiyar gida ta yi nisa da masai aƙalla mita 30, kada kuma ta kasance a gangarensa.

Takardar kuɗin ruwa ta zo da yawa fiye da kima. Yaya zan gane inda matsalar take?

Ana lissafi da kubik, kubik ɗaya lita 1,000 ne, wato jarka 50 mai lita 20 ko duro biyar. Farashin masu ƙaramin ƙarfi sefa 293 ne kowane kubik har zuwa kubik 10 a wata, sama da haka 364. Idan mai ruwa yana sayar muku da jarka sefa 50, kubik ɗaya ya tashi muku 2,500. Talakan da ba shi da famfo ya fi mai famfo biyan ruwa da tsada, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa ya kamata unguwanni su nace a kan a ja musu layi.

Da farko ku kwatanta lambar da ke jikin kontar, wato mitar ruwa, da wadda aka rubuta a takarda. Idan ta takarda ta fi yawa, ƙiyasi aka yi ko an karanta ba daidai ba. Ku ɗauki hoton kontar da waya ku kai ofis da takardun wata uku na baya. Idan lambobin sun yi daidai, ku rufe duk famfunan gida ku duba ko allurar tana juyawa. Tana juyawa, to akwai yoyo a cikin gida, galibi a bututun da aka binne ko a tankin banɗaki. Yoyon da ke bayan kontar naku ne, na gabanta ta wajen titi na kamfani ne. Iska ma tana juya kontar lokacin da ruwa ke dawowa, shi ya sa yana da kyau a rufe babban famfon shiga idan ruwa ya yanke.

Me ya sa wuta ta fi yankewa da bazara, daidai lokacin da aka fi buƙatarta?

Yankunan arewa uku suna kan layin wuta nasu daban, ba a haɗa shi da na kudu ba tun asali. Ƙashin bayansa madatsar Lagdo ce a kan kogin Binuwai, kimanin kilomita 50 daga Garwa, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72. Jama'ar da take ciyarwa sun ninka, injinan sun tsufa, yashi da laka sun rage zurfin tafkin. Daga Maris zuwa Mayu ruwa yana ƙasa, a daidai lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kowa ya kunna fanka da firiji. Ana cike giɓin da injinan mai, irin na Jambutu a Garwa, waɗanda ke da tsada kuma suna tsayawa idan mai bai iso ba. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar, megawat 15 kowace, da aka ƙaddamar a 2023, sun sauƙaƙa rana sosai. Dare ne ya rage da wuya.

Ku bambance yankewa iri biyu. Idan gari ko rabinsa ya yi duhu, rabon wuta ne, ba abin da unguwa za ta iya. Idan layinku kaɗai ne, ko wasu gidaje na da wuta wasu babu, to taransifoma ce ko waya ɗaya ta yanke, kuma wannan sai an sanar za a zo. Taransifoma tana ƙonewa ne idan an ɗora mata fiye da ƙarfinta, yawanci saboda jan wuta ta bayan fage da masu walda da injin niƙa da aka jona a layin gidaje. Taransifoma da sandunan titi kayan kamfani ne. Idan aka ce unguwa ta yi karo-karo, ku nemi a rubuta muku dalili a ba ku rasit daga ofis.

Idan kuka ga ƙwan wani ɗaki ya yi haske fiye da kima na wani ya dushe, ku kashe babban makunni nan take. Alamar wayar tsakiya ta yanke ce, wutar da ya kamata ta zo 220 tana iya haurawa kusa da 380 ta ƙone duk abin da ke jone. Idan ɓarna ta riga ta faru, kada ku kai kayan gyara tukuna. Ku rubuta rana da sa'a, ku ɗauki hoto, a kira huissier, jami'in shari'a mai rubuta shaida, ya rubuta abin da ya gani, ku kai ƙorafi a rubuce. Idan ba a biya muku buƙata ba, hukumar ARSEL ce ke sasanta kamfani da masu amfani da wuta.

Maganar kuɗi: farashin gida hawa-hawa ne, sefa 50 kowane kilowat ga wanda bai wuce 110 a wata ba, 79 daga 111 zuwa 400, sannan ya ci gaba da hawa. Fanka mai wat 60 da ke aiki awa 10 kullum tana cin kilowat 18 a wata. Na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya na iya wuce 200. Gidan haya da ɗakuna shida ke kan kontar ɗaya yana faɗawa hawa mai tsada ko da kowane ɗaki kaɗan yake ci. Kowa ya samu tasa kontar ya fi arha, ya kuma rage faɗa.

Shara ta taru a bakin titi mako biyu. Laifin wa?

Merin birni ce ke da kwangila da Hysacam, ana biyan kamfanin bisa nauyin sharar da ya kwashe, da kuɗin gwamnati da na meri. Idan biya ya yi jinkiri, motoci kan rage fita. Kwangilar kuma ba ta shiga kowane lungu, domin babbar mota ba ta bin hanyar da ba ta da faɗi. Kwaso shara daga lungu zuwa babban kwandon titi aikin merin unguwa ne da matasan da ke yi da amalanke.

Mu ma da namu. Yashin shara da toka suna da nauyi ƙwarai, kuma su ne ke cika kwando kafin lokaci. A tankaɗe yashi a bar shi a tsakar gida. Kada a zuba garwashi a kwandon, wuta na lalata shi. Ledar nan marar kauri an hana ta tun 2014, amma har yau ita ce ke toshe kwata, ita ce kuma mahauta ke tararwa a tumbin awaki. Zuba shara a cikin mayo, wato rafi, da fatan ruwan farko zai tafi da ita, shi ne ke kai ta ƙarƙashin gada ta toshe.

Wa zai gyara titinmu da magudanar da ke cika mana gida duk damina?

Ya danganta da irin hanyar. Babbar hanya ta ɗaya, wadda ta ratsa Ngawundare ta bi Garwa da Marwa zuwa Mora da Kuseri, ta ma'aikatar ayyuka ce, har da gadojinta, kamar gadar Palar da ta karye a Marwa a 2020. Manyan titunan gari na merin birni ne, sau da yawa da kuɗin wasu shirye-shirye na musamman, kamar wanda Faransa ta tallafa a Garwa. Hanyar ƙasa ta cikin unguwa ta ƙaramar meri ce.

Yashe magudana a watan Afrilu da Mayu ake yi, kafin ruwa ya sauka. Koken da aka kai a Agusta ya makara. Abin da aka yaso kuma a kwashe shi a ranar, idan aka tara a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi. Wanda zai sayi fili kusa da Binuwai ko Mayo Kaliyawo ya tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ya kai a 2012, ya duba alamar da ya bari a jikin bango. Arhar filin fadama da rani ake ganinta.

Me ke kyauta a asibitin gwamnati?

Rigakafin yara. Maganin zazzaɓin cizon sauro ga yaran da ba su kai shekara biyar ba, mai sauƙi tun 2011, mai tsanani tun 2014. Maganin tarin fuka, da maganin ƙanjamau. A yankin Arewa da Arewa Mai Nisa ana bi gida gida da damina, wata wata, ana ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓi. Kwana uku ake sha: na farko a gaban ma'aikaci, na biyu da na uku uwa ce ke bayarwa. Barin waɗannan biyun shi ke rage amfaninsa.

Mai ciki ta nemi chèque santé tun awon farko. Sefa 6,000 ne, jaka shida, kuma ya ɗauke awo, hoton ciki, haihuwa ko da tiyata ce, da kula da uwa da jariri har kwana 42. A asibitocin da aka amince da su kaɗai yake aiki, ku tambaya kafin ku fara awo. Maigida da ya bari sai naƙuda ta tsananta sannan ya fara neman kuɗin tiyata ya sa rai biyu a haɗari a kan abin da jaka shida ta isa.

Duk kuɗin da za a biya, a wurin mai karɓar kuɗi ake biya a karɓi rasit. Idan an ce magani ya ƙare, a rubuta muku sunansa. Kowace cibiyar lafiya tana da kwamitin jama'a, sama da ita kuma akwai likitan gunduma, can ake kai ƙorafi.

An ce firamare kyauta ce, ga shi ana karɓar kuɗi.

Tun shekarar 2000 aka soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati. Abin da ake karɓa kuɗin ƙungiyar iyaye ne, kuma yawanci da shi ake biyan malaman da gwamnati ba ta ɗauka ba. Taron iyaye ne ke yanke adadinsa, ba shugaban makaranta ba, kuma kuna da ikon a karanta muku yadda aka kashe na bara. Alli da rajista da ƙananan kayan fara shekara meri ce ke kawowa. Idan Oktoba ta shiga ba su iso ba, ita za a tambaya.

Na sayi fili, jauro ya sa hannu, akwai shaidu. Ya zama nawa?

A idon unguwa, e. A idon doka, tun 1974 takarda ɗaya ce ke tabbatar da mallakar ƙasa, ita ce titre foncier. Takardar jauro tana da amfani a matsayin shaida, amma idan wani ya fito da titre a kan filin, shi kotu za ta saurara.

Hanyoyin uku ne. Filin da danginku suke zaune a kai ko suke nomawa tun kafin 5 ga Agusta 1974, ana nema kai tsaye: a ajiye takarda a ofishin su-firefe a karɓi shaidar ajiya, kwamiti ya fito ya ga filin tare da sarkin wurin da dattawa biyu, mai awon ƙasa ya kafa duwatsun iyaka, a buga sanarwa, a jira kwana 30 ko wani zai yi jayayya, sannan a biya kuɗin hukuma a fitar da takarda. Ranar kafa duwatsu ku tabbatar maƙwabta na kowane ɓangare suna wurin sun sa hannu, yawancin shari'un fili daga rashin wannan suke tasowa. Filin da aka shiga bayan 1974 ana fara shi da izinin wucin gadi, a raya shi, sannan a nemi na dindindin. Filin da ya riga ya samu titre kuwa, cinikinsa a gaban notaire, jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki, kaɗai yake inganta. Kafin ku ba da ko sisi, ku je ofishin ajiyar takardun ƙasa ku ciro shaidar da ke nuna sunan mai shi na yanzu da ko an jinginar da shi a banki. Filin gado a nemi hukuncin gado da yardar duk magada.

Gini yana buƙatar izini daga merin birni. Kuɗinsa kashi ɗaya cikin ɗari na ƙimar ginin, wa'adin amsa kwana 45. Jan gicciyen da ake shafawa a bango gargaɗi ne. Ku je ofis da takardunku a makon, kada ku shafe shi da fenti ku ci gaba.

Masu karɓar kuɗin kasuwa suna zuwa kullum. Wanne ne halal ɗin hukuma?

Wanda ya zo da tikiti mai lamba da sunan meri, ko rasit na baitulmali. Kuɗin da aka karɓa babu takarda bai shiga asusun da za a gyara rumfa da shi ba. 'Yan sandan meri ba su da ikon ɗaukar makami, kuma kayan da aka kama dole a rubuta su a ba mai su takarda. Mai neman cin hanci ana kai rahotonsa ga hukumar CONAC ta lamba 1517.

An tsare ɗan'uwana a ofishin 'yan sanda. Kwana nawa doka ta yarda?

Awa 48, ana iya sabuntawa sau ɗaya. Ƙari a kan haka sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara. Yana da ikon ganin lauya da likita, iyalinsa kuma su kawo masa abinci. Bashi tsakanin mutum biyu, idan babu zamba a ciki, maganar kotun farar hula ce. Ku rubuta ranar da sa'ar da aka kama shi, da su za ku je wurin mai gabatar da ƙara idan wa'adi ya wuce. Lambobin gaggawa: 117 'yan sanda, 113 jandarma, 118 masu kashe gobara.

Mun yi ta magana ba a ji. Yaya ake kai koke ya yi tasiri?

A rubuta shi, da Faransanci ko Ingilishi, shafi ɗaya, matsala ɗaya. A faɗi wurin daidai, tun yaushe abin ya fara, gida nawa ya shafa, da abin da kuke so a yi. A haɗa hoto da sa hannun mazauna. A yi kwafi biyu, a ajiye ɗaya a ofishin karɓar wasiƙu, a sa su buga hatimi da kwanan wata a ɗayan ku riƙe. Idan babu wannan hatimi, kamar ba ku kai ba ne. A aika kwafi ga su-firefe da kansilan unguwa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Majalisar meri tana zama sau huɗu a shekara, zamanta a buɗe yake ga jama'a, kuma a ƙarshen shekara ake amincewa da kasafin baɗi. Buƙatar rijiya ko aji da ta iso tsakiyar shekara tana da damar shiga, wadda ta iso a Janairu sai ta jira. Dokar 2019 ta ba kowane mazauni ikon neman kwafin kasafi da bayanan zaman majalisa da kuɗinsa, ta kuma yarda a kafa kwamitin unguwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kwamitin da ke da jerin ayyuka uku a rubuce ya fi taron mutum ɗari masu magana lokaci guda. Duk aikin gwamnati da aka fara, ku karanta allon da aka kafa a wurin: sunan ɗan kwangila, mai sa ido da wa'adin aiki suna jiki.

Idan wani hukunci na hukuma ne ya cuce ku, kamar rushe gini ko ƙwace rumfa, ba a zarcewa kotu. Sai an fara rubuta wa ofishin da ya yanke shi ana roƙon ya janye, cikin wata uku da sanar da ku. Shirun wata uku daga gare su ƙi ne a wurin doka. Daga nan kuna da kwana 60 ku shigar da ƙara a kotun da ke shari'a da hukuma, wadda ke zama a babban birnin kowane yanki. Wanda ya bari waɗannan ranaku suka wuce, kotu ba za ta duba ko yana da gaskiya ba.

Rajistar masu zaɓe kuwa a ofishin Elecam ake yi, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta kowace shekara, ga wanda ya cika shekara 20, kuma wanda ya sauya unguwa sai ya je a mayar da sunansa merin da yake zaune yanzu.